DARASI: KIWON TSUTSAR BAƘIN ƘUDA, YADDA AKE AJIYE BAYANAI DAGA LITTAFI ZUWA WAYA

Darasin yau yana da ɗan tsawo, don haka a samu wuri a zauna, a ɗauko biro da takarda.

Duk mai kiwo ya san inda kuɗinsa ke tafiya: abinci. Ko broila ce, ko kajin ƙwai, ko tarwaɗa, abinci ne ke cinye mafi yawan jarin. Shi ya sa da yawa daga cikinmu suka fara waiwayar tsutsar baƙin ƙudan nan da ake kira ƙudan soja, wanda 'yan boko ke taƙaita sunansa da BSF. Ana kiwonta da ragowar kayan gwari, dusar awara da makamantansu, a ba kifi da kaji. Tambayoyin da ake yawan turo min su ne a ina zan samu ƙwai, yaya ake haɗa keji, wane baho ya fi. Amma har yau ban ga wanda ya tambaye ni me zai riƙa rubutawa ba. Ni kuma a nan ne na sha kashi.

ABIN DA YA SAME NI

Na fara kiwon tsutsar nan a ƙarshen damina. Zubi na farko ya yi kyau, na biyu ma haka, na uku har ya fi. Na ga tsutsa ta cika baho, kifina suna wawa a kanta. Sai na ce shi kenan, na rabu da wahala. Na rage buhunan abincin da nake saye, kuɗin na zuba su a wani wajen.

Da sanyi ya shigo a watan Disamba, komai ya birkice. Tsutsar da nake kwashewa cikin sati biyu ta kai sati uku tana nan ƙanana. Ƙudajen da ke keji suka rage ƙwai. Ga tarwaɗa ta kai lokacin da ta fi cin abinci, ga babu tsutsa, ga babu kuɗin buhu a hannu. Sai da na ci bashi, kuma wasu kifin na sayar tun ba su kai yadda nake so ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, da na zauna in gano inda matsalar take, ban da abin dubawa. Sanyi ne? Canjin abinci ne, tunda a lokacin na koma ɗauko ragowar kankana? Ko ƙwan da na zuba ne ya yi wa bahon yawa? Wallahi ban sani ba. Kilo nawa nake zubawa a da, ban sani ba. Kwana nawa zubi na biyu ya ɗauka, sai dai in ce "kamar sati biyu". An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To a wannan sana'ar, ƙimar ido ba ta isa.

Daga nan na sayi sikeli da littafi. Abin da na koya tun daga ranar shi zan ba ku yau.

ME YA SA WANNAN KIWON YA FI BUƘATAR RUBUTU?

In ka sayi 'yan tsakin broila, hanya a share take. An san ranar Gumboro, an san ranar Lasota, an san nauyin da ya kamata kaza ta kai a sati na huɗu da na shida. In ka rikice, maƙwabcinka ya yi shekara goma yana yi, ga likitan dabbobi. Tarwaɗa ma haka, akwai waɗanda suka ga jiya suka ga yau.

Tsutsa fa? Babu wanda ya gaje ta a wajen kakansa. Ko a duniya ma sabuwar harka ce. A shekarar 2013 ne Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da babban rahotonta kan amfani da ƙwari a matsayin abincin mutane da na dabbobi. Tarayyar Turai sai a 2017 ta amince a sa sinadarin gina jiki na ƙwari a abincin kifi, na kaji da aladu kuwa sai 2021. A Afirka, cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi a Kenya tana cikin waɗanda suka fi yin aiki a kai. Littafin koyarwar da yawancinmu ke bi, na cibiyar Eawag ce ta ƙasar Suwizalan, ya fito a 2017, kuma an gina shi ne a kan aikin da suka yi a Indonesiya.

Ku lura da wannan. Indonesiya ƙasa ce mai laima da ɗumi kusan duk shekara. Ba su san hazon hunturu ba, ba su san zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato ko Maraɗi da ke haura digiri 40 ba. Sharar kasuwarsu daban, tamu daban. Alƙalumansu abin farawa ne, amma na gidanka kai ne za ka samar da su.

Ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba. Akwai wata sabuwar sana'ar da ta yi kama da tamu, noman ciyawar teku. A tsibirin Zanzibar na Tanzaniya an fara shi a matsayin kasuwanci a 1989, da irin da aka kawo daga Filifins, kuma yawancin masu yi mata ne. Suna ɗaure 'yan rassan ciyawar a jikin igiya a ruwa mara zurfi, bayan kamar sati shida su girbe, su shanya, a sayar wa kamfanonin da ke fitar da sinadarin da ake kaurara abinci da man goge baki da shi. Nau'in da ya fi kuɗi, wanda suke kira kotoni, yana yawan mutuwa idan ruwa ya yi ɗumi da yawa. To mai noman nan ba kan dabba take ƙirgawa ba, ba kadada take aunawa ba. Igiya nawa ta ɗaura, yaushe, a wane wuri, kilo nawa ɗanye ya ba da kilo nawa busasshe. Mu ma haka: baho nawa, giram nawa na ƙwai, kilo nawa na shara.

Wannan ne ya sa manhajojin kiwon da ke cikin waya yawanci ba sa yi mana daidai. An gina su ne don kaji da shanu: guda nawa ka saya, guda nawa suka mutu yau, tiren ƙwai nawa. Waye zai ƙirga tsutsa guda nawa ta mutu yau? Saboda haka kafin ka nemi manhaja, sai ka fara sanin abin da kake son ta riƙe maka.

FARA DA SANIN RAYUWAR ƘUDAN

Ba za ka san zubinka ya makara ba sai ka san lokacin da ya kamata ya ɗauka.

Mace ɗaya tana saka ƙwai ɗaruruwa, kamar 400 zuwa 800, a cikin tsaga kusa da abu mai wari. Shi ya sa muke jera kwali ko 'yan katakai a saman abin jan hankalinsu. Ƙwan ƙanana ne ƙwarai, giram ɗaya yana ɗauke da kusan 35,000 zuwa 40,000.

Ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kwana huɗu ko kusa da haka.

Tsutsa tana cin abinci tana girma kamar sati biyu idan yanayi ya yi mata daɗi, wato zafin digiri 24 zuwa 30, da abinci mai danshin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari. In sanyi ya yi yawa ko abinci ya yi ƙaranci, ba mutuwa take yi nan take ba, jan lokacin take yi.

Daga nan sai ta yi baƙi, ta daina ci, ta nemi busasshen wuri ta sandare. Bayan sati biyu zuwa uku ƙuda ya fito.

Ƙudan yana rayuwa kamar sati ɗaya. Ba ya cizo, ba ya bin abincin mutane, ruwa ya ishe shi. Amma yana buƙatar haske mai ƙarfi da ɗumi kafin ya yi barbara.

Kowane mataki a nan kwanan wata ne da ya kamata ya shiga littafi.

DOKA TA FARKO: KOWANE ZUBI DA LAMBARSA

Duk ƙwan da ka kwasa rana ɗaya, zubi ɗaya ne. Ba shi lamba. Ni kwanan wata nake amfani da shi: ƙwan da na kwasa ranar 5 ga watan uku, sunansa 05-03. In ya rabu baho biyar, sai su zama 05-03-A, 05-03-B har zuwa E. A manna salatif a jikin kowane baho a rubuta da maka.

Kada ka raina wannan. In babu lamba, duk abin da ka rubuta labari ne kawai. In da lamba, ko bayan wata shida za ka iya cewa bahon nan abin da ya ci ke nan, abin da ya bayar ke nan.

KAYAN AIKI

Ƙaramin sikeli na dijital mai auna giram, irin na masu zinare ko masu haɗa kek, don ƙwai da samfuri. Babban sikeli mai ƙugiya don abinci da tsutsar da aka kwashe. Ma'aunin zafi mai tsinke da za a iya cusa shi cikin abincin. Littafi mai kauri, da biro a ɗaure da igiya a jikinsa. Littafin ya zauna a rumfar kiwon, kada a kai shi ɗaki.

ABUBUWAN DA ZA A RUBUTA WA KOWANE BAHO

1. Lambar baho.
2. Ranar da aka kwashi ƙwai, da nauyinsa.
3. Ranar da aka zuba ƙananan tsutsa a bahon, da adadinsu.
4. Irin abincin, da inda aka ɗauko shi.
5. Kilo nawa aka zuba, a kowace rana da aka zuba.
6. Zafin cikin abincin da safe da kuma da azahar.
7. Ranar kwashewa.
8. Kilo nawa na tsutsa.
9. Nauyin tsutsa guda ɗari.
10. Kilo nawa na takin da ya rage.
11. Abin da ido ya gani: wari, ruwa ya kwanta, tururuwa, ɓera, ƙadangare, tsutsa na gudu daga baho.

Lamba ta huɗu tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Kayan gwarin da aka yi wa feshin maganin ƙwari dab da girbi zai iya kashe maka baho. Haka kuma tsutsar tana tara wasu ƙarafa masu guba a jikinta, irin su kadmiyom, idan abincin yana ɗauke da su. In ka rubuta cewa wannan daga wajen mai awara ne, wancan daga kasuwar kayan gwari, ranar da matsala ta taso ka san ƙofar da ta shigo.

YAYA AKE ƘIRGA TSUTSA?

Ba a ƙirga ta ɗaya bayan ɗaya, samfuri ake ɗauka. Idan ƙananan sun kai kwana biyar da ƙyanƙyasa, a tankaɗe su, a juya sosai, a auna duka. Mu ɗauka ya ba ka giram 500. Ɗebi giram ɗaya daga wuri uku daban-daban, ka zuba a faranti ka ƙirga. Na farko 95, na biyu 105, na uku 100. Tsaka-tsaki 100 ke nan a kowane giram. Sau 500, kana da kusan tsutsa 50,000.

Littafin Eawag ya ba da ma'aunin farawa: tsutsa 10,000 'yan kwana biyar a baho mai faɗin santimita 40 da tsawon 60, a ba su kilo 15 na jiƙaƙƙen abinci cikin kwana 12, a raba shi sau uku. A misalinmu, giram 100 ke nan a kowane baho, baho biyar. Ka fara da wannan, littafinka zai gaya maka ko za ka ƙara ko za ka rage.

LISSAFI UKU DA ZA SU BUƊE MAKA IDO

Alƙaluman da zan kawo misali ne kawai don a gane hanyar. Kowa ya sa nasa.

Na ɗaya: nawa abinci ya koma tsutsa? Raba kilon tsutsa da kilon abinci, ka ninka da ɗari. Ka zuba kilo 15, ka kwashi kilo 1.5, kashi 10 cikin ɗari ke nan. Da wannan za ka kwatanta dusar awara da ragowar kabeji, ka ga wanne ya cancanci kuɗin mota.

Na biyu: nawa suka rayu? Tsutsa ɗari sun auna giram 17, wato kowace ɗaya 0.17. Raba giram 1,500 da 0.17, za ka samu kusan 8,800. Cikin 10,000 da ka zuba, kashi 88 sun kai. In ka ga adadin ya yi yawa amma ƙanana ne, cunkoso ne ko yunwa. In ka ga manya ne amma kaɗan, mutuwa aka yi ko gudu.

Na uku, wanda ya fi kowanne: nawa kilo ɗaya ya tsaya maka? Mu ɗauka baho goma. Kuɗin keke napep na ɗauko shara naira 3,000, dusar da ka haɗa don rage ruwa 4,000, ƙwai 3,000, yaron da ke taya ka 2,000. Jimla 12,000. Ka kwashi kilo 15. Kilo ɗaya ya tsaya 800.

A nan ne mutane ke yaudarar kansu. Sai mutum ya ɗauki 800 ɗin nan ya kwatanta da kuɗin kilon abincin buhu, ya ce ya ci riba. A'a. Ɗanyar tsutsa kusan kashi biyu cikin uku ruwa ce, abincin buhu kuwa busasshe ne. Sai ka busar da kamar kilo uku kafin ka samu kilo ɗaya. Ke nan busasshen kilo ya tsaya maka 2,400. Wannan za ka kwatanta da garin kifi ko waken suya, bayan ka cire abin da ka samu a takin. Wani lokaci za ka ga riba ce sosai, musamman in sharar a kusa take kuma kai ke samar da ƙwanka. Wani lokaci kuma za ka ga kuɗin mota ya cinye komai. Gara ka sani tun kana baho goma da ka sani bayan ka gina rumfar baho ɗari.

DAGA LITTAFI ZUWA WAYA

Littafi yana da iyaka. Da ka kai baho talatin ko arba'in, neman "duk bahon da ya ci dusar awara a watan Janairu" ya zama aiki. A nan waya ke shigowa. Mataki-mataki ake bi.

Matakin farko, ɗaukar hoto. Duk ranar Juma'a ka ɗauki hoton shafukan satin ka tura wa kanka ko wani ɗan uwa ta WhatsApp. Littafi yana jiƙewa, akuya ma tana cin takarda.

Mataki na biyu, jadawali. Google Sheets ko Excel, duka suna aiki a wayar Android, kuma Google Sheets ana iya saita shi ya buɗe ko babu data. Abubuwa goma sha ɗayan can na sama su ne kan jadawalin, kowane baho layi ɗaya. Daɗin abin, lissafin da kansa yake yi. In kilon abinci yana gidan E, kilon tsutsa yana gidan H, sai ka rubuta =H2/E2*100 a gidan gaba, ka ja shi ƙasa. Sannan za ka iya tace layukan ka ga na wata ɗaya kawai, ko na abinci iri ɗaya. Ni har yau a nan nake, kuma ya ishe ni. Minti goma sha biyar ne duk ƙarshen sati.

Mataki na uku, idan kuna da yawa. Ƙungiya ce, ko kana da ma'aikata a wuri biyu ko uku, akwai KoboToolbox. Ana tsara fom sau ɗaya, da tambayoyin a rubuce da Hausa in an so, kowa ya sauke KoboCollect a wayarsa ya riƙa cikawa ko babu sabis. In ya samu intanet ya tura, duka su taru wuri ɗaya, a sauke su a Excel. Yana da tsarin kyauta da ya ishi ƙaramin aiki. Amfaninsa, kowa iri ɗaya zai rubuta, ba wannan ya sa mudu wancan ya sa bokiti ba.

Mataki na huɗu shi ne na manyan kamfanoni, irin su Protix a Holan da Innovafeed a Faransa, inda na'urori ke auna zafi da laima dare da rana, kwamfuta na bin kowane akwati. In ka duba da kyau, abin da suke bi shi ne wanda ke cikin littafinka: wane zubi, me ya ci, nawa ya bayar. Yawa ne ya bambanta mu.

KAFIN KA BIYA KUƊIN WATA MANHAJA

Za a zo maka da talla, dole. Ka yi waɗannan tambayoyin:

Tana aiki babu intanet?
Zan iya sauke bayanaina a Excel duk ranar da na so barinta?
Tana gane zubi da nauyi, ko sai ƙirgen kai kawai?
Zan iya ƙara gidan da nake so, kamar "inda aka ɗauko shara"?
Da naira ake biya ko da dala, kuma duk wata ne?
Wa ke ganin bayanaina, kuma me za su yi da su?

In amsar ta biyu a'a ce, ka haƙura da ita. Ranar da kamfanin ya rufe, ko ka kasa biya, wahalar shekararka ta tafi ke nan.

ABIN DA LITTAFINA YA GAYA MIN

Bayan na shekara ina rubutawa, ga abin da na gani a rumfata. Taka za ta iya bambanta.

Da hunturu tsutsata tana ƙara kwanaki kafin ta isa kwashewa, ƙwai kuma yana raguwa. Yanzu tun watan Nuwamba nake tanadin abincin buhu na Disamba da Janairu, ina rufe rumfar da leda da daddare, kejin ƙudaje kuma ina matsar da shi inda rana ke bugawa.

Da bazara, bahon da ke saman kanta, kusa da kwanon rufi, shi ne kullum ke ba ni asara. Tsutsa da kanta tana haifar da zafi, don haka cikin abincin ya fi iskar waje zafi. Da ban cusa ma'auni ba da ban gane ba. Na daina amfani da layin sama daga Maris zuwa Mayu, na kuma rage kaurin abincin.

Kankana da ruɓaɓɓen tumatir su kaɗai ruwa ne zalla. Nauyi a sikeli, babu komai a jikin tsutsa, ga wari. Sai an haɗa da dusa. Dusar awara ce ta fi ba ni sakamako.

Ashe matsalata ta farko abu biyu ne suka haɗu, sanyi da canjin abinci. Da ina rubutu tun farko, da ban ci bashin nan ba.

A HAƊA DA LITTAFIN KIFI DA NA KAJI

Manufarmu ai ba tsutsar ba ce, kifi da kaji ne. Tsutsa tana da sinadarin gina jiki mai yawa, kusan kashi 40 cikin ɗari in an busar, amma tana da maiƙo sosai, kuma ita kaɗai ba cikakken abinci ba ce. Saboda haka kada ka ɗauke abincin buhu gaba ɗaya. Gwada tukuna. Tanki biyu, kifi adadi ɗaya, girma ɗaya. Ɗaya abincin buhu zalla, ɗaya a maye wani ɓangare da tsutsa. Duk sati biyu ka kamo guda goma a kowanne ka auna ka rubuta. Ranar sayarwa ka raba abin da ka kashe da kilon kifin da ka samu. Wannan lambar ce za ta yanke hukunci, ba abin da wani ya faɗa a bidiyo ba.

KURAKURAN DA NA GA ANA YI

Barin rubutu sai dare. Ka auna, ka rubuta nan take, hannunka da datti ma ba komai.

Canja abu biyu lokaci ɗaya. Ka canja abinci ka kuma ƙara yawan tsutsa, in ya yi kyau ba ka san wanne ya yi aikin ba. Ɗaya bayan ɗaya.

Ɓoye asara. Bahon da ya mutu ya fi wanda ya yi kyau koyarwa. A rubuta shi, da abin da aka gani. In yaro ne ke maka aikin, kada ka riƙa yi masa faɗa duk ranar da ya rubuta mummunan labari, in ba haka ba zai koma rubuta maka abin da kake son ji.

Awo da mudu da bokiti. Bokitin kabeji da bokitin dusar awara ba nauyinsu ɗaya ba. Kilo kawai.

Tara bayanai ba a dubawa. Ka ware rana ɗaya a wata ka zauna da jadawalin, ka tambayi kanka wane baho ya fi, wanne ya gaza, me ya raba su.

Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika tunawa da ita ba. Ranar da ka je neman rance, ko wani ya so zuba jari, ko mai gonar kaji ya ce zai riƙa sayen tsutsa a wajenka duk sati, tambayar farko ita ce kilo nawa kake iya fitarwa, kuma a nawa. Mai jadawalin wata shida ya buɗe waya ya nuna. Wanda ba shi da shi sai rantsuwa.

AIKIN GIDA

Wanda ya riga ya fara: yau ɗin nan ka sa wa kowane baho lamba, ka ja layuka goma sha ɗayan nan a littafi, ka bi zubi ɗaya tak daga ƙwai har kwashewa. Ka fitar da lissafi ukun.

Wanda bai fara ba: kada ka sayi ƙwai tukuna. Ka yi sati ɗaya kana rubuta sharar da za ka iya samu a unguwarku, iri nawa, kilo nawa a rana, nawa ne kuɗin ɗaukowa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. In sharar ba ta kai ba, ko tana da nisa, ka ga ka tsira da jarinka.

Duk wanda ya kammala zubinsa, ya kawo mana lambobinsa guda uku tare da sunan garinsu da watan da ya yi. In na Zariya ya kawo, na Damagaram ya kawo, na Jos ya kawo, a hankali za mu haɗa ma'aunin da ya dace da ƙasarmu, wanda masu zuwa bayanmu za su tarar.

Allah ya sa albarka a kiwonmu. Sai mun haɗu a darasi na gaba, inda za mu duba yadda ake busar da tsutsa da adana ta ba tare da ta yi wari ba.